Mai gida mashayin giyar inabi ne, kai kuwa ba ka taɓa ta: me za ka riƙa masa?

Shekarata ta farko a birnin Liyon na Faransa, malamin da ke duba aikin bincikena ya gayyace ni cin abincin dare a gidansa, wata Asabar cikin sanyin Nuwamba. Mu a Gumel ba a shiga gidan babba hannu rabbana, ko goro biyar ne ka ƙulle a leda ka miƙa. Sai na tambayi wani ɗan Senegal da muke bene ɗaya me ake riƙa wa mai gida a nan. Ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba ya ce, "Kwalbar giyar inabi mana, kowa ita yake kaiwa." Na ce ai ka san ni. Ya ce shi ma ya san kansa, shi ya sa ba ya amsa gayyata.

Na shiga babban kanti na yi ta zagaye kamar wanda ya ɓatar da kuɗi. Gaba kura, baya sayaki: in saya na san abin da na taka, in tafi haka na zama baƙon da bai san ya kamata ba. Daga ƙarshe na ɗauki kwali biyu na lemon mangwaro. Matar gidan ta karɓa da fara'a, ta ce yara za su ji daɗi, ta tura cikin firji. Ƙaramar yaran nan kuwa tana aji biyu a jami'a.

Duk wanda karatu ko aiki ko kasuwanci ya kai shi Faransa, Italiya, Sifaniya ko Jamus zai gamu da wannan rana. Hausawa na cewa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi tsumma ka ɗaura. To amma akwai tsumman da ba ya ɗauruwa. Hadisin Anas kan tsinuwar giya da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito bai tsaya ga mai sha ba, mutum goma ya lissafa, har da mai saye, da wanda aka saya wa, da mai ɗauka, da wanda aka kai wa. Saboda haka kwalbar kanta ta fita daga lissafi tun kafin a fara. Maganar zama a teburin da ake zuba ta kuma wata mas'ala ce daban, wannan tsakaninka da malaminka, ba ni zan yanke maka ba.

Ko ɗan'uwa Bahaushe Kirista da addininsa bai hana shi ba, ba zan ba shi shawarar kai kwalba ga masanin giya ba. Tun kwana biyu da suka wuce mai gida ya riga ya zaɓi wadda za ta dace da abincin da matarsa za ta dafa. Taka za a karɓa, a duba takardar jikinta, a ce an gode, a ajiye. Kamar ka kai wa Bafulatani nono ne daga kanti.

A daren nan na fahimci abin da ya kamata in nema tun farko. Da malamin ya buɗe kwalbarsa, sai da ya yi kusan minti goma yana magana kafin ya kai baki. Ya faɗi tudun da aka noma inabin, ya ce gefen da rana ke fara bugawa ne. Ya faɗi shekarar, ya ce an yi ƙanƙara ana dab da girbi. Ya faɗi tsohon da ke gonar da ɗansa da ya gaje shi. Ina zaune da ruwana sai kakana ya faɗo mini a rai, yadda yake juya goro a tafin hannu ya gaya maka daushe ne ko sabo, da hanyar da ya biyo. Haka mai girki ke bambanta albasar Galmi da sauran albasa, da tattasan Diffa da na wani wuri. Faransawa suna da kalma guda ta wannan, terroir, wato ɗanɗanon da ƙasa da iska da hannun manomi suke bar wa abu. A yankin Burgundi har gonakin inabi suka yanka gunduwa-gunduwa, guda 1,247, kowace da sunanta, kuma UNESCO ta sa su cikin kayan tarihi na duniya a 2015. Abin da bakin irin wannan mutum ya saba nema uku ne: daga ina, wace shekara, hannun wa. Duk kyautar da za ta amsa waɗannan tambayoyi za ta shiga ransa, ko babu ɗigon barasa a cikinta. Lemon mangwarona bai amsa ko ɗaya ba.

Wanda na fi yawan kaiwa tun daga lokacin shi ne man zaitun, kuma shi zan sa a gaba in za ka shiga gida karon farko. Masu harkarsa suna magana a kansa daidai yadda mashaya ke magana a kan giya. Zaitun iri-iri ne kamar inabi. Picual na yankin Jaén a kudancin Sifaniya, ƙasar da ta fi kowace tatsar man zaitun a duniya, yana da ɗaci da yaji, har ka yi tari in ya sauka maƙogwaro. Wannan tarin ba aibi ba ne, alama ce man sabo ne kuma an tsinke 'ya'yan da ɗanyensu. Arbequina na Kataloniya laushi gare shi, ba ya faɗa da abinci. Girka na da Koroneiki, Tunisiya na da Chemlali a kudu da Chetoui a arewa. A Faransa kuwa akwai garin Nyons, kudu da Liyon, inda ake barin zaitun irin Tanche a kan itace har sanyi ya yamutsa fatarsa kafin a tsinka. Man Nyons ne ya fara samun shaidar asali ta hukuma a cikin man zaitun na Faransa, a 1994. Ka faɗi wannan kaɗai lokacin miƙa kwalbar, ka ga yadda mai gida zai gyara zama.

Wajen saye ga abin dubawa. A jikin kwalbar a ce vierge extra, wato matsar farko da ba a tace da sinadari ba, wanda doka ta ce tsaminsa kada ya wuce kashi 0.8 cikin ɗari. A ga sunan irin zaitun da sunan gona ko injin matsa. A ga shekarar girbi, domin a nan ne mai ya saɓa da giya: ita tsufa na iya ƙara mata daraja, shi rage masa yake yi, bayan shekara ɗaya da rabi ya fara sanyi. Kwalbar ta zama baƙa ko gwangwani, haske na kashe shi. In ka ga an rubuta cewa haɗin mai ne daga ƙasashen Tarayyar Turai, mayar da shi kan kanta, wannan na suya ne, ba na kyauta ba. Inda man zaitun ke ba da kunya wuri ɗaya ne: gidan da ke da dangi a Provence ko Italiya ko Tunisiya. Su duk shekara jarka ake aiko musu daga gonar kawu, naka ba zai kama ƙafarsa ba. Ka ɗan bincika asalin mutanen kafin ka kashe kuɗi.

In kuwa rana ce babba, malaminka zai yi ritaya, ko ka kare kundinka lafiya kana son godiyar da za a tuna, to ruwan khal, wato binega, na garin Modena a Italiya ya fi. Shi ma daga inabi yake, shi ya sa mashayi ke girmama shi. Sai dai a nan ake yi wa baƙo sakiyar da ba ruwa, domin abu biyu ne masu suna kusan ɗaya. Wanda ke cike da kantuna ana sayar da shi 'yan yuro kaɗan sunansa Aceto Balsamico di Modena, da haruffa IGP a jiki. Haɗin ruwan inabi ne da khal ɗin giya, ana iya ɗiga masa ƙonannen sukari don launi, kuma kwana 60 a ganga sun ishe shi fita kasuwa. Ba laifi gare shi a kan salak, amma kai shi kyauta kamar ka kai man gyaɗa ne. Na gaskiyar yana da ƙarin kalma guda, Tradizionale, da haruffa DOP. Ruwan inabi ne zalla, yawanci irin Trebbiano da Lambrusco, a dafa shi a buɗaɗɗiyar tukunya har ya yi kauri, sannan a zuba cikin jerin ganguna, babba zuwa ƙarama, kowace da irin itacenta. A saman bene ake ajiye su, ƙarƙashin rufi, inda zafin bazara da sanyin hunturu ke kaiwa. Duk shekara a ɗebi kaɗan daga 'yar ƙaramar, a cike gurbin daga wadda ke bi mata, ita ma a cike ta daga ta gaba, har a kai babbar da ake zuba sabo. Ba a sayar da shi sai ya shekara 12, wanda ya kai 25 kuma a rubuta masa extravecchio. Kafin a ɗura shi sai masu ɗanɗano sun zauna sun amince. A Modena kwalba iri ɗaya ce tak, mai tumbi zagaye, mililita 100, wadda Giorgetto Giugiaro mai zana motoci ya zana. Ana cewa a da idan aka haifi 'ya mace sai a kafa mata jerin ganguna, ranar aure ta tafi da su gidan miji. Da na ji haka na ce ashe su ma suna tara kayan ɗaki.

Tsada gare shi, da wuya ka samu ƙasa da yuro 50, ɗan shekara 25 kuma ya kan ninka. Amma ɗigo-ɗigo ake sa shi, a kan ɓallin cuku ko yankan nama, kwalba ɗaya sai ta shekara a gida ana tuna wanda ya kawo. Ga kuma wata fa'ida ga matafiyi: mililita 100 daidai take da abin da aka saba bari a shiga jirgi da shi a jakar hannu, alhali kwalbar man zaitun sai dai ka naɗe ta cikin kaya kana addu'ar kada ta fashe a kan shaddarka.

Ba zan ɓoye maka inda gizo ke saƙa ba. Duk khal sai ya bi ta matakin tsimuwa kafin ya zama khal, har da wannan. A Sahihu Muslim akwai hadisin da ya yabi khal a matsayin mahaɗin abinci, a cikinsa kuma akwai hadisin Anas da aka tambayi Annabi (SAW) ko a mayar da giya khal ya ce a'a. Giyar da ta juye da kanta ba a saɓa a kan halaccinta ba. Wadda aka juya da gangan ita ce malamai suka rabu a kai, Hanafawa suka halatta, Shafi'awa da Hambalawa suka tsananta. Ni zuciyata ta natsu da shi, kuma a kicin ɗina akwai shi. Wanda tasa ba ta natsu ba ya koma wa man zaitun, bai yi asara ba.

Akwai wanda kowa ke fara tunani, ni kuwa shi na sa a can ƙasa: giyar da aka cire wa barasa. Ba sabon abu ba ne, wani Bajamushe Carl Jung, ba masanin halayyar ɗan Adam ɗin nan ba, ya yi rajistar dabarar tun 1908. Ana ɗumama giya a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, barasar ta tashi tun zafi bai kai ya dafa ɗanɗanon ba. Wasu kuma tacewa suke yi. Kamfanin Torres na Sifaniya yana da tasa mai suna Natureo, kuma tun 2021 dokar Tarayyar Turai ta yarda a kira irin wannan da sunan giya muddin barasar da ta rage ba ta wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba. A ido kamar an raba gardama ke nan, ga kwalba, ga marfi, ga takarda mai ado. A aikace ba ta gamsar da kowa. Kai da ka kawo, abin da ke hannunka giya aka fara yi cikakkiya sannan aka rage ta, wata ma ba a rage duka ba, sai ka ga an rubuta 0.0 za ka san an kusa kai ƙarshe. Shi kuma mai gida, barasar ce ke ba giya nauyi a baki. In an zare ta sai abin ya tsinke, masu yi su cike gurbin da zaƙi. Na taɓa ganin wani ya kurɓa, ya yi shiru, ya ce "abin sha'awa", wanda a bakin Bafaranshe yana nufin Allah ya kyauta. Wuri ɗaya take da amfani, in matar gida na da juna biyu ko likita ya hana mai gidan sha, kuma su da kansu suka ce suna so.

Ruwan inabin da bai taɓa tsimuwa ba ya fi ta sau goma. Ba na kwali nake nufi ba. Akwai masu matse inabi iri guda su ɗura a kwalbar gilashi, kamar Alain Milliat da ya faro a kusa da Liyon, za ka ga an rubuta Chardonnay ko Merlot ko Cabernet, sunayen da mashayi ya sani kamar na 'ya'yansa. Daɗinsa a gare shi shi ne ya ji inabin da ya saba sha tun bai zama giya ba. Daɗinsa a gare ka kuma, ka samu abin da za ka riƙe a hannu in an ɗaga kofuna. Aibinsa zaƙi, ba a iya cin nama da shi. Kyautar rakiya ce, ka haɗa da wani abu, kada ka tura shi shi kaɗai.

Cuku fa? Babu abin da ya fi kusa da zuciyar mashayin inabi, kuma babu wanda ya fi saurin jawo maka kuskure. A teburin Faransawa cuku na da nasa zagaye, bayan nama, kafin kayan zaƙi, kuma matar gida ta riga ta shirya farantinsa. In za ka kawo, ka kira tun ana jibi ka ce a bar maka wannan. In an bar maka, nemi Comté na duwatsun Jura. Dunƙule ɗaya ya kan kai kilo 40, yana cin madara wajen lita 400, ba ya fita sai ya yi wata 4 a rumbu, masu kyau kuma su yi 18 ko 24. Ka je wurin mai sayar da cuku na gaske, irin na kasuwar Halles Paul Bocuse a Liyon, ka ce na madarar bazara kake so, lokacin da shanu ke kiwo a fili. Zai yanko maka ɗan ɓalli a bakin wuƙa ka ɗanɗana. Roquefort na madarar tumaki, mai shuɗiyar fumfuna, shi ne cukun farko da doka ta kare sunansa a 1925, amma ba kowane baki ke ɗaukarsa ba. Ka kiyayi Époisses, bayansa da barasar inabi ake wanke shi, warinsa kuma sai ya kore ka daga bas. Sannan ka sani mafi yawan waɗannan da sinadarin tumbin ɗan maraƙi ake daskarar da madararsu, ba da tumfafiya ba kamar yadda Fulani ke yin wara. Wannan ma malamai sun yi magana a kai, ga mai son ya ci tare da su.

Cakulan shi ne mafakar wanda lokaci ya ƙure wa. Ba ya ɓata wa kowa rai, ba kuma ya cika zama a rai, sai in ka zaɓi wanda aka rubuta ƙasar da kokonsa ya fito. Kamfanin Bonnat na garin Voiron, da ke aiki tun 1884, yana yin irin wannan, kowane ɓalli da ƙasarsa. Bernachon a Liyon su ke gasa kokonsu da kansu. Valrhona kuwa masana'antarsu na Tain-l'Hermitage, a gindin tudun Hermitage da giyarsa ta yi suna, duk mashayi ya san wurin. Abu ɗaya: akwatin da aka cakuɗa iri-iri kusan kullum akwai masu barasa a ciki. Ka buɗe baki ka ce sans alcool, wato marar barasa, za su canza maka ba tare da wani kallo ba. Shayi da gahawa suna da shekara da gona su ma, musamman shayin pu'er na Yunnan da ake matsewa kamar waina mai gram 357 a ajiye shekaru, ko tsinkar farko ta Darjeeling. Amma sai ka tabbata mutumin na sha. Na taɓa kai ƙwayar gahawar Habasha gidan da ba su da abin niƙa, bayan wata shida na gan ta a kan kanta yadda na kawo ta. Fure kuma in za ka haɗa, ban da chrysanthème, wannan na kai wa kaburbura ne ranar 1 ga Nuwamba.

Duk mai kanti da ka ce wa kyautar mashayi kake nema zai nuna maka kayan aiki: abin zare toshiyar kwalba, kofunan gilashi masu dogon wuya irin na Riedel, tulun gilashin da ake juye giya ta sha iska. Ni ba na saye. Abu ne da ba shi da wani aiki sai shan, kuma aya ta 2 a Suratul Ma'ida, da ta hana taimakekeniya a kan zunubi, ta ishe ni. Ko an ajiye wannan gefe, mutumin da ya shekara talatin yana sha yana da mabuɗi biyar a aljihun tebur. In ƙarfe kake son bayarwa, ba shi wuƙar tebur mai kyau ta yankan cuku da burodi, Opinel ta Savoie ko Laguiole. Ita Laguiole ka duba sunan maƙerin da garin da aka ƙera, jabunta sun fi na gaske yawa, kuma wasu na zuwa da abin zare toshiya a gindi, ka zaɓi marar shi. Kada ka yi mamaki in mai gida ya laluba aljihu ya miƙo maka kwabo. A al'adarsu kyautar wuƙa na yanke zumunci, sai an biya ko da sisi ne ta zama ciniki. Ranar da aka yi mini na karɓa da hannu biyu, a raina na ce yaba kyauta tukuici.

Saura tsarabar gida, wadda in ta dace ba ta da na biyu, in ta ƙi kuma a filin jirgi za ta ƙare. Kowa kilishi yake fara tunani, kuma da gaskiyarsa, da zai isa teburin da ya yi sarauta. Amma Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje, ko busasshe ne. Kilishi, dambun nama, cukun Nijar, man shanu, duk kwastan na da ikon karɓewa, har da tara. Na ga wani bawan Allah tsaye yana kallon ƙunshin da mahaifiyarsa ta yi masa yana shiga kwandon shara, ban so ganin fuskarsa ba. Zuma an yarda da ita har kilo 2, kuma zumar da za ka iya faɗin dajin da aka ɗebo ta kyauta ce ta gaske, in ka juye ta a kwalba mai tsabta maimakon robar ruwa. Dabino na cikin 'ya'yan itace kaɗan da ba a neman musu takardar lafiyar tsiro. In ba ka taho da na gida ba, shagunan Larabawa a unguwar Guillotière ta Liyon suna da Deglet Nour na Tolga a Aljeriya, a kan reshensa, kuma yana tafiya da cuku fiye da yadda za ka zata. Yajin tsire yana burge su ƙwarai, sai dai ka faɗa da babbar murya cewa akwai ƙuli-ƙuli a ciki, domin a can akwai waɗanda gyaɗa ke kai wa asibiti.

Wanda ya wanke mini kunyar lemon mangwaro zoɓo ne. Da na dawo hutu a shekara ta biyu, Inna ta cusa mini busasshe a jaka, baƙin nan mai kauri, ba ja mai haske ba. Da gayyata ta sake zagayowa na jiƙa shi a ruwan sanyi ya kwana, ban tafasa ba don kada ya yi ɗaci. Na sa citta kaɗan da kanumfari uku, sukari kuma kashi ɗaya cikin huɗu na yadda muke sawa a gida, domin bakinsu bai son zaƙi a kan abinci. Na tace sau biyu, na ɗura a kwalbar gilashi, na haɗa da man Nyons saboda ko ta kwana.

Malamin ya ɗauko kofi mai dogon wuya ya zuba kaɗan. Ya ɗaga shi saitin fitila ya dubi launin. Ya juya shi, ya tura hanci, ya kurɓa ya riƙe a baki yana kallon silin. Ya ce akwai tsami mai kyau, akwai wani abu da ke kama dasashi kamar ɗanyar giya. Ya kira matarsa ta zo ta ji. Sannan ya juyo da gaske, ba wasa a fuskarsa, ya tambaye ni daga wace ƙasa, kuma na wace shekara ne.

Na farko na amsa, na ce Jigawa, ƙasar yashi, kusa da iyakar Nijar, inda 'yan kasuwa ke lodinsa buhu-buhu a kai har Meziko. Na biyun ban sani ba. Na nemi izini na fita baranda na kira gida.

"Inna, zoɓon nan da kika ba ni, na yaushe ne?"

Ta ce lafiya? Na ce lafiya lau, Bature ne ke tambaya. Sai da ta gama dariyarta, har ina jin tana gaya wa Yaya, sannan ta ce, "Na bara ne, na gonar kawunka ta bakin hanyar Maigatari. Ka ce masa na bana bai yi kyau ba, ruwa ya ɗauke da wuri."

Na koma na faɗa masa kalma da kalma. Ya gyaɗa kai, ya ce su ma bana haka inabinsu ya yi, ya miƙo kofin a ƙara masa.